Ta ina za mu fara don masu naƙasa su samu wurinsu a coci?

Tambaya: Ni Uwar Zumunta ce, wato shugabar Zumuntar Mata, a wani faris na cocin Katolika da ke yankin Agege a Legas. An sa ni cikin majalisar faris, Fada kuma ya ce in kawo shawarar abin da za a yi wa masu buƙata ta musamman. Wasu sun ce a zuba gangaren keken guragu a bakin ƙofa, a riƙa raba musu shinkafa da Kirsimeti, shi ke nan. Ga kuma wata 'yar Zumuntarmu, ɗanta ya kai shekara 14, yana da jinkirin fahimta, sau biyu ana cire shi daga cikin masu karɓar Jikin Kristi na farko saboda ba ya iya haddace amsoshin katikizim. Kuɗinmu ba yawa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara ƙarfi. Aikina koyar da yara masu buƙata ta musamman ne, ina kuma taimakawa a ajin katikizim, saboda haka kin sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

Ki fara da yaron nan. Gangare yana da amfani, zan zo kansa, amma shi yana jiran siminti da birkila, maganar yaron kuwa ba ta jiran ko kwabo. Kuma ita ce ta fi nuna yadda faris ya ɗauki mai naƙasa: ɗan gida ne da baftisma ta ba shi haƙƙi, ko kuwa baƙo ne da ake tausaya wa. Shinkafar Kirsimeti ba laifi ba ce. Amma wanda aka miƙa wa shinkafa aka hana shi teburin Ubangiji ya san inda aka ajiye shi, ko da bakinsa bai iya faɗa ba. Uwarsa ma ta sani.

Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 bai bar wannan magana a duhu ba. Doka ta 213 ta ce masu bi suna da haƙƙin samun Maganar Allah da sakramenti daga hannun makiyayansu. Ta 912 ta ce duk mai baftisma da doka ba ta hana ba, ana iya ba shi Jikin Kristi, kuma wajibi ne a ba shi. Ta 777 ta ɗora wa Fadan faris nauyin ganin an koyar da masu naƙasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa gwargwadon yadda halinsu ya bari. Ki lura, Mama, nauyin a wuyan faris yake, ba a wuyan yaron ba. In koyarwar ba ta shige shi ba, koyarwar za a sake. Ko doka ta 913, wadda masu hanawa suka fi kafa hujja da ita, abin da ta nema shi ne yaro ya gane asirin Kristi daidai iyawarsa, ya karɓa da bangaskiya da ladabi. Ba ta ce sai ya haddace shafi kaza ba. Tun a 1910, da Paparoma Pius na 10 ya sauko da shekarun karɓa zuwa wajen bakwai, ma'aunin da ya ajiye shi ne yaro ya bambanta wannan gurasa da burodin da ake ci a gida.

To, ta yaya za a san ya bambanta in ba ya magana sosai? Bishop-bishop na Amurka sun fitar da jagora kan wannan a 1995, suka sabunta ta a 2017, inda suka ce ana iya ganin fahimtar mutum ta yanayinsa, ta alamar hannu, ko ta natsuwar da yake yi, ba lallai ta baki ba, kuma in akwai shakka a rinjayar da ita wajen haƙƙin mai baftisma. Jagorarsu ba doka ba ce a kanmu a nan Legas, amma hankalin da ke cikinta na kowa ne. Paparoma Benedict na 16 ya wuce nan ma a wasiƙarsa ta 2007 kan Yukaris, wato sakramentin Jikin Kristi: ya ce masu naƙasar ƙwaƙwalwa da aka yi wa baftisma da sakramentin ƙarfafawa a ba su Jikin Kristi iyakar yadda zai yiwu, domin suna karɓa cikin bangaskiyar iyali da jama'ar da ke tare da su. Jagorar koyar da katikizim da Fadar Vatican ta fitar a 2020 ta faɗa kai tsaye cewa ba wanda ke da ikon hana masu naƙasa sakramenti. Paparoma Francis kuwa, da aka yi masa irin tambayarki a Roma a watan Yunin 2016, cewa ya yi gara Fadan da ba zai karɓi kowa ba ya rufe ƙofar cocinsa, ko kowa ya shiga ko kada kowa ya shiga.

Akwai wani abu da ya shafe mu 'yan Arewa musamman. Ajin katikizim a yawancin faris-faris na Legas da Turanci ake yi. Yaron da a gida Hausa ake masa, ko Bajju ko Berom ko Bachama, ga shi da jinkirin fahimta, sai a tsayar da shi gaban yara hamsin a jefa masa tambaya da Turancin littafi. Ba bangaskiyarsa aka gwada ba, Turancinsa aka gwada. Ku nemi mutum ɗaya mai haƙuri da yaron ya saba da shi, ya riƙa zama da shi minti goma zuwa sha biyar, sau da yawa, da harshen gida, a cikin cocin ba a aji ba. A nuna masa bagade, da fitilar da ke ci kusa da ma'ajiyar Jikin Kristi, da yadda mutane ke durƙusawa. A ajiye masa burodin Agege a gefe guda, hoton Fada yana ɗaga Jikin Kristi a ɗaya gefen, a tambaye shi wanne ne Yesu. A gwada masa da gurasar da ba a tsarkake ba, don ya saba da ɗanɗanonta kada ya tofar ranar. A maimaita, a sake maimaitawa. In ranar ta zo ya karɓa tare da sauran yara, da farin kayansa, ba a ɓoye a ranar Talata da asuba ba. Kada a manta da ƙarfafawa: doka ta 889 ta nemi shiri da koyarwa ne ga wanda yake da cikakken hankali, wanda bai da shi ba a rufe masa ƙofar ba.

Hukuncin ko yaro ya shirya na Fadan faris ne tare da iyaye, ba na katikis, wato malamin katikizim, shi kaɗai ba. Ki ɗauki uwar ku je wurin Fada cikin ladabi, ku roƙe shi ya ga yaron da idonsa. Sau da yawa Fada bai ma san an cire shi ba, suna ne kawai bai zo cikin takarda ba. In aka ƙi ba tare da dalili ba, akwai Fadan da ke shugabantar faris-faris na yankinku, sama da shi akwai ofishin Akbishop Alfred Adewale Martins, wanda ke riƙe da Legas tun 2012. Ku bi ta nan. Kada a fara da Facebook, don katikis da aka kunyata a bainar jama'a ba ya zama abokin aiki.

Bayan yaron, ki nemo waɗanda ba kwa gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna da naƙasa mai nauyi, wato kusan mutum ɗaya cikin shida. Ki tsaya a bayan coci ranar Lahadi ki duba da kanki ko ya yi kama da haka. Sauran suna ɗaki. Akwai tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, akwai sojan da ya dawo daga Arewa maso Gabas ba ƙafa ko ba ji, yana barikin Ikeja ko na Ojo, akwai yarinyar da aka kulle tun tana ƙarama saboda maƙwabta sun ce 'yar ruwa ce, ko jifa aka yi wa gidan, ko alhakin wani ne ya kama iyayen. Wannan magana ta ƙarshe tsohuwa ce. Almajiran Yesu ma sun yi ta a Yohanna sura ta 9, da suka tambaya zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba na kowa ba. Har yau ana yin ta a bakin rijiya da bakin famfo, wani lokaci har a taron Zumunta, ki yi mini afuwa. Ki roƙi Fada ya yi wa'azi a kanta a fili, ba sau ɗaya ba.

Babu wanda ya fi Zumuntar Mata iya wannan nema. Ku ne kuke shiga ɗaki-ɗaki gaisuwar haihuwa da ta rasuwa, kun san labulen da ba a ɗagawa in an yi baƙi. Amma in kun je, ku yi magana da mutumin kansa, ba da wanda ke tura masa keke ba. Ku tambaye shi me ke hana shi zuwa, me yake so, me ya iya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yesu da kansa, yana ganin Bartimawus makaho ne, sai da ya tambaye shi me yake so a yi masa. A ƙasar Hausa ma tun kaka da kakanni akwai sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin kutare, masu magana da yawun mutanensu, don haka ba sabon abu ba ne a ce su za su faɗi abin da ya dame su. Kwamitin da za ki kafa, in babu masu naƙasa da iyayensu a cikinsa da bakin magana, kada ki kafa shi.

Kurame su aka fi bari a baya, domin naƙasarsu ba ta fitowa a ido. Kurma zai hau matakala lafiya, ya zauna awa biyu yana kallon baki yana motsi, ya tashi bai san wace Bishara aka karanta ba. Kowa zai ce a kawo tafinta, amma tafintan wane harshe? Yaren hannu da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ya samo asali ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Maganar hannu da kuramen Hausawa ke yi a Kano da kewaye daban take, ta girma ne a tsakaninsu. Ga kuma wanda bai taɓa shiga makaranta ba, bai cuɗanya da kurame ba, alamun da ya ƙirƙira da uwarsa kaɗai ya sani. In kika ɗauko tafintan makaranta kika tsayar gaban wannan, kin yi asarar kuɗi. Ki fara sanin wanda kuke da shi.

In kun samu tafinta, ya tsaya kusa da bagade, inda kurame za su gan shi su ga Fada a lokaci guda, da haske a fuskarsa da hannuwansa, ba taga a bayansa. A tanadi fitila mai caji, don in aka ɗauke wuta a Mas ɗin yamma, wato lokacin sujada, mu muna ci gaba da ji, su kuwa komai ya yanke. Mas ɗin Legas da baiko biyu da sanarwa da godiya yakan wuce awa biyu, mutum ɗaya ba zai iya ba, masu aikin sukan karɓi juna bayan kamar minti ashirin zuwa talatin. Fada ya ba su kan wa'azinsa tun ranar Asabar. A tsayar da Mas guda wanda kullum da tafinta, kada a riƙa canza shi, domin kurma da ya biya kuɗin mota daga nesa ya tarar ba kowa sau biyu ba zai dawo na uku ba. In faris ɗaya ba zai iya biya ba, uku ko huɗu na kusa su haɗa hannu. Wajen nema, ku tuntuɓi malaman makarantar kurame ta Wesley da ke Surulere, da waɗanda suka gama Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta musamman da ke Oyo ko sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos, da ƙungiyar kurame kanta. Kuma ku sa matasa biyu ko uku su fara koyo, ko don a samu mai gaisawa da su bayan an tashi. Majigin da ke haska waƙoƙi da sanarwa a bango yana taimakon kurma mai karatu da tsofaffin da jinsu ya ragu. Ƙure lasifika ba ya taimakon kowa, mai na'urar ƙara ji ma ciwo yake sa masa.

Furta zunubi ya fi komai wahalar da su. Akwatin da ke da labule ko raga yana rufe fuskar Fada, mai karanta leɓe ba ya ganin komai. Mai ƙarancin ji kuma, in Fada ya ɗaga murya, duk layi ya ji. A ware ɗaki mai ƙofa da haske. Kurma yana iya rubutawa, a mayar masa da takardarsa ko a lalata ta nan take. Doka ta 990 ta yarda a yi ta bakin tafinta in mutumin ya so, ta 983 kuma ta ɗaure tafintan da riƙe sirri. Shi mai furtawa ne zai zaɓi tafinta, kada a ce dole sai uwarsa ko matarsa. A aure ma haka: doka ta 1104 ta karɓi alama a madadin magana ga wanda ba ya iya furtawa. Makanta ko kurumta ko gurguntaka ba sa cikin abubuwan da ke hana ɗaura aure, rashin haihuwa ma bai hana ba. Dangi ne ke hanawa, su jingina wa coci.

Makafi kuwa abin mamaki ne yadda muka bar su. Makarantar makafi ta Pacelli da ke Surulere ta Katolika ce, an buɗe ta tun 1962 zamanin Akbishop Leo Taylor. A Gindiri ta Filato an riga mu, tun 1953. Shekaru sama da sittin muna yaye masu karatu da rubutun Braille, amma yaushe kika ga makaho a kan mumbari yana karatun farko? Abin da yake buƙata kaɗan ne: a tura masa karatun tun tsakiyar mako, a nuna masa hanyar mumbari sau ɗaya. Sanarwar da ake turawa a WhatsApp a riƙa rubuta ta, domin wayar makaho tana karanta masa rubutu da murya, hoton fasta kuwa sau da yawa ba ta iya masa komai da shi. Masu tsara zama su koyi abu uku: ka faɗi sunanka in ka zo, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe maimakon ka ja sandarsa, ka faɗa masa in za ka tafi kada ka bar shi yana magana da iska. A rufe kwatar da ke harabar coci. Zabiya kuma idonsu ba ya gani sosai, rana tana ƙona fatarsu har ta kai ga ciwon daji, don haka a ba su rubutu manya-manya da kujerar gaba, a kuma bar su da hula da lema a zagayen Kristi Sarki na watan Nuwamba, kada wani ya ce rashin ladabi ne.

Yanzu ga gangare. Coci-cocin Legas ana ɗaga su sama saboda ambaliya, shi ya sa ake cika zuba gangare mai tsayuwa kamar na hawa da babur cikin shago, a lulluɓe shi da tayil mai santsi. Irin wannan tarko ne, ranar ruwan Yuni zai karya wani. Ƙa'idar ita ce duk tsayin santimita 1 a ba shi tsawon santimita 12. Matakala uku masu santimita 15 kowace sun zama 45, gangarensu zai kai mita 5.4. In biyar ne, mita 9. In fili bai isa ba a lanƙwasa shi, da wurin hutawa shimfiɗaɗɗe a kwanar. Faɗinsa ya kai mita 1.2, da ƙarfen dafawa gefe biyu, siminti mai kaushi. Ƙofa ta kai santimita 90, keke kuma yana son fili mai faɗin mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Ya kasance a ƙofar da kowa ke shiga, ba ta bayan janareta ba. Kafin a biya birkila, mai keke ya hau shi da kansa ba wanda ya tura shi.

Ban-ɗaki ya fi gangare korar mutane, amma ba mai faɗa saboda kunya. Mace mai keke da ta san ba za ta iya shiga ban-ɗakin coci ba, ko dai ta ƙi shan ruwa tun daren Asabar, ko ta zauna a gida. Ɗaki ɗaya mai faɗin ƙofa, da masai na zama da ƙarfen riƙewa, kuma kada a kulle shi a kai makulli ofis. A cikin coci, a rage tsawon benci biyu ko uku a wurare daban-daban, gaba da tsakiya, don mai keke ya zauna kusa da iyalinsa, ba a jera su a lungu guda ba. In ajin katikizim ko taron ƙungiya a bene ake yi, a sauko da shi ƙasa, wannan ba ya cin ko sisi. Jihar Legas tana da dokarta ta masu buƙata ta musamman tun 2011, ita ta haifi LASODA, ofishin jihar mai kula da harkokin masu naƙasa. Dokar tarayya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ginin da mutum dubu ke shiga duk Lahadi bai kamata ya jira lauya ya gaya masa ko dokar ta hau kansa ba.

Duk wannan gyara ba ya amfanar wanda bai iso ba, kuma kin san Legas. Danfo ba ya tsayawa mai sanda ya gama hawa, kwandasta ma kuɗin kujera yake nema a kan keken da aka naɗe. Gadojin tsallaka titi matakala ne. Okada da da yake kai mutum har ƙofa, an hana shi a ƙananan hukumomi da dama tun 2022. Tun bayan harin cocin Owo a Yunin 2022 kuma coci-coci da yawa sun tsananta tsaro, mota ba ta matsowa kusa. Ku nemi a ba motar da ta ɗauko mai naƙasa wata alama ta shiga ta sauke shi, ku kuma yi tunanin yadda zai fita in aka yi gudu. Shanyayyen nan na Markus sura ta 2 mutum huɗu ne suka ɗauko shi. Ku rubuta sunayen masu mota da unguwanninsu, a haɗa kowa da na kusa da shi, ko a yi yarjejeniya da mai Keke Marwa ɗaya duk Lahadi. Wannan ya fi dacewa da ƙungiyar maza, ki ɗora musu.

Akwai wani abu da nake so ki faɗa a majalisa ko da ba za a ji daɗinsa ba. A taron addu'a da kwanan coci, ana yawan mai da mai naƙasa abin gwaji: a kewaye shi, a ɗaga shi daga keke da ƙarfi, a yi ta ihu a kunnen kurma, in bai warke ba a ce bangaskiyarsa ce ta gaza. Mun gaskata Allah yana warkarwa, muna da sakramentin shafe marasa lafiya. Amma ba kowane mai naƙasa ne mara lafiya ba, wanda shan inna ta taɓa tun yana yaro lafiyarsa ƙalau, ya zo sujada ne kamar kowa. Kada a ɗora wa kowa hannu sai ya nema. Manzo Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Paparoma Francis a kan keke ya yi shekarunsa na ƙarshe yana mulkin Ikilisiya. Kada kuma kowa ya ce wa mai farfaɗiya ko mai taɓin hankali ya bar shan magani don an yi masa addu'a. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan, zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne. In farfaɗiya ta kama mutum a coci, a janye benci, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali ko wani abu a baki, kada a danne shi. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ta wuce minti biyar, asibiti.

Yaron da ke ihu ko kaɗa hannu ko yawo lokacin Mas ma, ba rashin tarbiyya ba ne kullum. Harara ɗaya daga mai tsara zama ta isa ta sa uwa ta daina zuwa shekara guda. A ba su zama kusa da ƙofa, nesa da ganga da lasifika, ta fita da shi ta dawo ba mai kallonta.

Sai maganar aiki, wadda a ganina ita ce ma'aunin gaskiya. A Ebute Metta akwai gidan Oko Baba inda masu naƙasa da yawa 'yan Arewa ke zaune, ƙungiyoyin coci suna kai musu abinci, Allah ya saka. Amma ya sa idonmu ya saba da ganin mai naƙasa a matsayin mai miƙa hannu, har ma'aikacin banki mai keke ya zo coci a danƙa masa naira ɗari a bakin ƙofa. Ku ba su aiki na gaske: karatu, ƙungiyar mawaƙa, hidimar bagade, riƙe kuɗin ƙungiya, uban baftisma ko uwar baftisma, koyar da katikizim. Kurma ya fi kowa iya koyar da yaro kurma. Lokacin baiko da ake rawa zuwa gaba, a bar musu hanya, wanda ba zai iya ba a kai masa kwando, kada a tsallake shi don ana ganin ba shi da abin bayarwa. Haka lokacin karɓar Jikin Kristi: a tambaye shi ko yana so ya bi layi ko a kawo masa. Wanda haɗiya ke yi wa wuya a gutsura masa ɗan kaɗan, doka ta 925 ma ta yarda a ba da Jinin Kristi kaɗai in akwai larura. Margaret ta Castello, wadda aka haifa makauniya da ƙusumbi iyayenta suka yasar da ita, Ikilisiya ta sa ta cikin tsarkaka a 2021. Ya kamata yaranmu su san labarinta.

Waɗanda ba za su iya fitowa ko kaɗan ba, a rubuta sunayensu a ba Fada da masu kai Jikin Kristi gida, a sa rana tsayayya, ba sai an ji mutum yana bakin mutuwa ba. Doka ta 919 ta ɗauke wa tsofaffi da marasa lafiya da masu jinyarsu azumin awa ɗaya kafin karɓa. Masu jinyar nan, yawanci mata ne, wasu sun yi shekaru ba su ga cikin coci ba. Mata biyu na Zumunta su zauna da mai jikin Lahadi ɗaya a wata, ita ta yi wanka ta ɗaura zaninta ta je Mas.

Kan kuɗi, abin da zai ci kuɗi sosai uku ne: gangare, ban-ɗaki, da alawus na tafinta. Biyun farko sau ɗaya ake yi, ana iya cire su daga kuɗin bikin godiyar kaka da baza, wato kasuwar tara wa coci kuɗi, akwai kuma birkiloli da masu walda a cikin jama'a da za su ba da hannunsu in Fada ya roƙa daga bagade. Na tafinta kuwa ki dage a sa shi cikin kasafin faris na shekara, kusa da kuɗin man janareta, don in aka bar shi ga alherin mutum ɗaya, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja maganar ta mutu. Duk abin da majalisa ta amince da shi, ki sa sakatare ya rubuta sunan wanda zai yi da watan da zai gama, ki kuma nemi a karanta rahoton a coci ranar Lahadin da ta fi kusa da 3 ga Disamba, ranar masu naƙasa ta duniya, mai naƙasa daga cikin kwamitin ne zai karanta.